Farar Mota a Burtalin Ƙofa

Talata, 19 ga Agusta, bayan La'asar

Alhamdu lillahi! Baban Amiru ya sayi mota. Sabuwa dal, ba ta hannu ba, ba irin wadda aka gaji da ita a wata ƙasa aka turo mana ba. Fara ce sol. Matarsa Sakina ce ta turo hoton a wayar autata Basira, kujerun duk cikin leda. Basira ta dinga tsalle a tsakar gida. Na ce, "Mene ne abin tsalle? Ƙarfe ne, kuma a nan za a bar shi." Da ta fita ɗebo ruwa na ɗauki wayar na yi ta kallo har hasken ya ɗauke, ban kuwa san yadda ake dawo da shi ba.

Ɗana ne na fari. Ba na kiran sunansa, ba na yabonsa a gaban mutane, haka aka rene mu. Amma takarda ba mutum ba ce, bari in faɗa mata: yaron nan ya yi ƙoƙari. Tun yana kwance rediyon maƙwabta a zaure ana kawo mini ƙara, ga shi yau injiniya ne a Katsina, har da mota.

Sabuwar mota, uba ake fara kai wa. Ya zagaya ta, ya dafa, ya yi addu'a, sannan ta shiga gari. Mijina Malam kuwa yana gonarmu ta ƙauyen Ƙofa tun faɗuwar damina, kuma tun maganar da aka yi ranar sunan Amiru, shi da ɗansa ko sannu ba ta sake haɗa su ba. Ba zan rubuta maganar ba. An yi ta, an gama.

Ni dai na ga hanya. Ɗa ba ya kai mota ya tsaya bai gaisar ba. Uba kuma ba a kawo masa mota ya ƙi ɗaga hannu. Allah ne ya kawo motar nan.

Laraba, 20 ga Agusta, da hantsi

Baban Amiru ya kira. Na bar wayar ta yi ƙara sosai kafin in ɗauka, kada ya ɗauka jira nake.

"Inna, an faɗa miki?"

"An faɗa. Allah ya tsare. Yaushe za a kai wa mahaifinka?"

Sai ya shiga ba ni labarin fenti. Wai dilan da ya sayar masa a Kano ya ce akwai wani ruwa da ake shafa wa sabuwar mota, sunansa siramik, ya bushe ya zama kamar gilashi a kan fenti. Rana ba za ta ƙona ta ba, kashin tsuntsu ba zai ci ta ba, ƙaron bishiya ba zai kama ba. Wai yana tunani ne ko ya biya a yi.

Na ce, "Ita motar tsirara suka sayar maka, da sai ka sai mata riga?"

"Inna, ba haka ba ne."

"Masu ƙera ta ba su san akwai rana ba? Ko a ƙasarsu tsuntsu ba ya kashi?"

Ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa an daɗe. Amma tambayata bai amsa ba. Na lura.

Mutanen yanzu, su tsare fenti su bar zumunci a rana.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan Azahar

Ashe titin Kano zuwa Katsina ya biyo da ita ran Talata. Ta bakin kasuwarmu ta Kankia. Mai nama ya gan ta, ni ban gani ba.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Yau na yi maganin dilan nan! Na sa Sakina ta turo lambarsa, Basira ta kira ta buɗe murya. Sunansa Sharafaddeen, bakinsa kamar an shafa zuma.

"Hajiya, ranki ya daɗe, ai riga-kafi ya fi magani."

"Ban je Makka ba tukuna, kada ka kai ni da baki. Tambaya zan yi. Abin nan naku yana hana ƙaya?"

"Wace irin ƙaya, ranki ya daɗe?"

"Ƙaya dai. Magarya, sarƙaƙiya. In ta ja jikin mota."

Ya ɗan yi tari. Ya ce to, ƙaramar gogayya tana raguwa, amma kwarzane mai zurfi ba ya cikin garanti.

"Tsakuwa fa, in babbar mota ta watso?"

Ba ya ciki.

"Ƙahon saniya?"

"Haba, ranki ya daɗe!"

"Kar ka ce mini haba. A nan saniya ta fi mota yawa. In an wanke ta da omo da soso fa?"

Ya ce subhanallahi, kada a kuskura, akwai sabulunta na musamman, su ma suke sayarwa, kuma in aka yi amfani da wani garantin ya faɗi.

Na ce, "Wato a biya ku ku shafa, a dawo a biya ku a wanke, in ta lalace kuma laifin mai mota ne. Ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Mahaifiyarka ta san sana'ar da kake yi?"

Basira ta kife a tabarma tana dariya. Bayan an kashe ta ce ta duba a waya, abin yana aiki kam, ruwa zamewa yake yi, wanki yana sauƙi, amma masu gyaran fenti a gari suna shafa irinsa da kuɗin da bai kai rabin na dila ba. Na ce ta tura wa yayanta haka. Abin da za a kashe a kan ƙyalli ya isa a kai wa uba taki.

Raina fes yau. Har tuwo na ƙara.

Asabar, 23 ga Agusta, da yamma

Rabi ta zo, ƙanwar Malam. Ko zama ba ta yi ba ta fara.

"Matarmu, an zama uwar mai mota ba a gaishe mu."

"Ku da kuka ba ni ɗan'uwanku mai taurin kai, gaisuwar me zan yi muku?"

Muka yi dariya, na kawo mata fura. Sai ta rage murya. Bikin Zuliha, ƙanwar Sakina, malamar firamaren nan, an sa shi Asabar ta sama ta sama a Kusada. Kuma uwar amarya tana ta shela cewa farar motar surukinta ce za ta kai amarya ɗakinta.

"Kin ji mi na hwaɗa miki? Kusada fa. In Yaya ya yi atishawa a Ƙofa, a can ake ce mashi yarhamukallah. In motar Auwalu ta ɗauki ɗiyar surukai tana oda a gari kafin ubansa ya dafa ta, to ki shafa fatiha. Yaya ba zai ce komai ba. Kin dai san rashin cewarsa."

Na sani. Ni na fi kowa sani.

Da za ta tafi ta tambaya ina ake shafa man fentin. Na ce Kano, wurin dilan. Ina rufe baki abu ya faɗo mini. In zai koma Kano, ta nan zai bi. In zai dawo, ta nan zai bi. Daga Kankia kuwa Ƙofa ba nisa!

Asabar ɗin dai, bayan Magariba

Na kira shi. Na ce na sake tunani, a shafa, riga-kafi ya fi magani.

Basira ta ce, "Inna, ba jiya kika ce wa mutumin ya ji tsoron Allah ba?"

Na ce babba ba ya sake magana sai da dalili, kuma ta tashi ta duba miya.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan La'asar

Na je Ƙofa. Motar haya zuwa mararraba, daga nan ƙafa, don ɗan acaɓa ya ce ba ya shiga burtalin da damina. Gero ya yi kyau, ma sha Allah, ya fi tsawon mutum. Amma burtalin da shanu ke bi zuwa gonarmu ya tsuke. Shingen ƙaya ta ko'ina ya miƙo hannu, har gyalena ya yage.

Na samu Malam a gindin bishiyar bedi yana gyaran igiya. Ya rame kaɗan. Na ajiye masa kwanon dambu da man shanu, muka gaisa, muka yi maganar wake da ta tsutsa. Sannan na ce, "Yaronka ya yi mota."

"Na ji."

"Zai kawo."

Bai ɗago ba. "Shi ya hwaɗi?"

"Zai kawo, Malam."

Ban yi ƙarya ba. Na dai riga shi faɗa ne.

Ya ce, "Mota ta mai ita ce." Ya ci gaba da igiyarsa. Har na ɗaure kwano zan tafi sai ya ce, kamar da bishiya yake magana, "Babba ce ko irin ƙananan nan?" Na buɗe hannuwana na gwada masa yadda na gani a hoto. Ya ce, "Uhm."

Uhm! A bakin Malam wannan huɗuba ce. Na dawo ina ta sauri kamar yarinya, ban ma ji ƙafata ba.

Talata, 26 ga Agusta, da sassafe

Baban Amiru ya wuce Kano tun asuba, wai an ba shi lokaci. Sai a dawowa. Ba komai. A dawowa ɗin.

Laraba, 27 ga Agusta, da hantsi

Na share ƙofar gida da kaina. Na aika an niƙa gero. Na sa Basira ta goge farin mayafina. Na yanka zakaran nan mai tsalle katanga, dama ya ishe ni.

Wai motar kwana take a wurinsu kafin abin ya kama. Gobe ke nan. Gobe!

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan La'asar

Na gan ta.

Wallahi hoto ya cuce ta. Da ta shawo kwanar layinmu sai da na kare idona. Gajimare na gani kwance a jikinta, da katangar gidanmu, da ni kaina tsaye da ludayi a hannu. Ban san na fito da ludayi ba. Layi ya cika. Yaron ya fito ya durƙusa ya gaishe ni, na ce, "Sannu," na kalli gefe. Ya yi ƙiba kaɗan. Wuyan ubansa sak.

Rabi ta rangaɗa guɗa ta kai hannu za ta shafa.

"Gwaggo, kar ki taɓa!"

Ta tsaya da hannu a sama. "Ikon Allah. Mota ce ko amarya mai ɗanyen lalle?"

Ya shiga bayani. Abin bai gama bushewa ba. Na 'yan kwanaki ba a so ruwa ya taɓa ta, ba hannu, ba laka, ba gindin bishiya. In wani abu ya ɗiga a goge nan take da wani tsumma mai laushi da suka ba shi, ya ma fito da shi ya nuna mana, shuɗi, a cikin 'yar jakarsa.

Rabi ta ce, "Tau. An sai mata maganin tsari, yanzu kuma ita ake tsarewa daga maganin."

Na ja shi zaure. Na ce abinci na cikin kula, mu ɗauka mu wuce Ƙofa yanzu, kafin Magariba mun dawo. Ya dubi ƙasa. Ya dubi sama. A gabas kuwa hadari ya haɗo baƙi ƙirin, kamar aikowa aka yi.

"Inna, in ruwan nan ya same ta an yi asara. Bari in kai ta gareji. Wani satin."

Ko zakaran bai ci ba.

Ni na ce a shafa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Juma'a, 29 ga Agusta, da safe

Hadarin ma bai zubar ba. Iska ce kawai.

Lahadi, 31 ga Agusta, bayan Azahar

Malam ya kira wayar Basira. Na ce ga shi zai tambaya me ya hana. Ina! Wai a aiko masa da babban gatarinsa da dutsen washi, suna bayan rumbu. Shi ke nan. Ko ina uwarki bai ce ba.

Gatari! Gida na neman rabewa biyu shi gatari ne damuwarsa. Na ba ɗan Rabi mai zuwa kasuwar can ya kai masa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan yana riritar fenti, wancan yana riritar gatari, ni ce a tsakiya kamar tsakin kuka a miya.

Ban yi kuka ba. Albasa na yanka.

Litinin, 1 ga Satumba, da yamma

Na kira Sakina. Yarinyar kirki ce, ba ta da laifi, ita ma a tsorace take.

"Inna, wallahi na yi masa magana. Kwanakin da suka ce sun kusa cika, sai ya ce ai burtalin ne matsala, ƙaya za ta yage masa jiki, kuma ke da kanki kika sa dilan ya faɗi cewa garanti bai ɗauki ƙaya ba."

Ji fa! Da bakina aka ɗaure ni.

Na ce, "'Yar nan, tsakaninki da Allah, fentin ne?"

Can ta ce, "Inna, jiya ya fito da hular da Baba ya ba shi, ya goge ta, ya mayar."

To. Na gane. Ba ƙayar shinge yake tsoro ba. Tsoronsa ya je ya durƙusa a ƙi amsawa.

Na ce ta faɗa masa ranar Juma'a su biyo ta Kankia su ɗauke ni da Basira zuwa gidan biki. Uwa ba ta shiga motar haya ɗanta na da mota, wannan kam ko shi ba zai musa ba.

Laraba, 3 ga Satumba, da hantsi

Na sa lalle. Ya kama ja wur, ban taɓa ganin ya kama haka ba. Rabi ta ce alama ce mai kyau. Na ce camfi haramun ne. Amma ya kama kam.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan La'asar

Na kasa zama wuri ɗaya. Na ninke kaya na warware na sake ninkewa. Basira ta ce, "Inna, ke ce amaryar?" Yaran yanzu ba kunya.

Ban faɗa wa kowa abin da zan yi ba, don ni ma ban gama sani ba.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan Magariba, a gidan biki, Kusada

Na samu lungu a ɗakin uwar amarya. Ana ta kiɗan ƙwarya a waje. Bari in rubuta tun yana da zafi.

Sun zo da hantsi. Na shiga da bismilla. Sanyi kamar cikin randa, ƙamshi kamar sabon takalmi, ledar kujera tana ta ƙara a ƙarƙashina. Ni a gaba, Sakina da Amiru da Basira a baya. Ba ka jin ramin titi sam. Na riƙe fuskata, na ce masa ya rage gudu, ko da yake ba gudu yake ba.

Da muka doshi mararrabar gonarmu na ce, "Karya nan."

"Inna, ana jiranmu."

"Karya nan, na ce."

Ya tsaya a gefen titi, bai karya ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon bakin burtalin. "Inna, dubi fa. Ko amalanke da ƙyar. Wallahi fentin zai tashi aiki."

Na ce, "Kuɗi ka biya don ta shiga ko'ina, ga shi ta kasa shiga ko'ina. Buɗe mini."

Ban san inda ake ja ba, sai da Basira ta miƙo hannu ta buɗe. Na fito. Da leshina na biki, da sabon takalmi, da lallena. Na ce, "Ku je bikinku. Ni na tafi gaida mijina." Na shiga burtalin ban waiwaya ba.

Laka ta kama takalmin, na cire na riƙe a hannu. Ina tafiya ina salati, kunnena na baya. Shiru. Shiru. Na ce shi ke nan, Haulatu, kin yi wa kanki. Sai na ji ƙarar taya a kan jiƙaƙƙen yashi, a hankali, kamar saniya na bin mai dusa.

Ban juya ba. Amma na ji. Ƙiiii. Magaryar gonar maƙwabta ta ja gefen hagu. Ƙiiii, ta dama. Har cikin haƙorina na ji shi. Basira ta ce daga baya duk ƙara ɗaya sai ya runtse ido kamar shi ake yanka, amma bai taka burki ba.

Muna shan kwanar tsamiya, inda iyakar gonarmu ta fara, sai na tsaya cak.

Hanya ta buɗe. An sare shingen ta gefe da gefe, an ja ƙayar an tara ta can ciki. Sara sabo, itacen fari tas, ganyen bai gama yaushi ba. Ramin nan da ruwa ya ci an cike shi da duwatsu da ƙasa an daddaɓe. Kututturen da ke tsakiyar hanya tun zuwana gidan nan an tone shi, ga raminsa. Har layin gero ɗaya an cire a kwanar, geron da ya fitar da kai! Malam da ko zangarniya ɗaya ta faɗi sai ya sunkuya. Faɗin wurin kuwa daidai yadda na gwada masa da hannuwana, da ɗan ƙari.

Na ji motar ta tsaya. Na ji an buɗe. Ya zo ya tsaya kusa da ni yana kallon tarin ƙayar.

"Inna, wa ya yi wannan?"

"Ka tambayi gatari."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya koma ya jawo ta, ni ina gaba har gindin bedi.

Malam na zaune a kan buzu, da wankakkiyar riga tun kafin lokacin masallaci. Tafin hannunsa duk ya fashe, ya ɗaure yatsa ɗaya da tsumma. Yana ganin ina kallo ya tura hannun cikin riga. Yaron ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya zube.

"Baba, ina wuni."

Na zuba wa Malam ido.

Malam ya tauna goronsa. Ya tauna. Sannan ya ce, "Lahiya. Kun zo lahiya?"

Sakina ta fashe da kuka, na daka mata tsawa, don in ba haka ba ni ma zan fara.

Ya tashi ya zagaya motar, hannu a baya. Ya tsaya a kan kwarzanen, dogo ne, tun daga murfin gaba har na baya, ya bi shi da yatsa. "Wannan magaryar Gajere ce. Na ce mashi ya sare, ya ce sai bayan girbi." Ya juya ya dubi ɗansa. "Da ka aiko, ai da na je na sare da kaina."

"Ba komai, Baba."

"Da komai. Sabon abu ne."

Ya dawo gabanta ya dafa hannuwansa biyu a kan bonet, murfin injin, hannun nan mai ƙasa da tsumma. Ba wanda ya ce kar a taɓa. Ya yi addu'a doguwa, ta tsari daga ƙarfe da dare da mugun ido da mugun abokin tafiya, muna amin. Ya shafa. Sannan ya yi tofi, tuf, tuf, tuf, yadda ya saba yi musu a ka suna yara in za su tafi makaranta. Da goro a bakinsa! Farar bonet ta yi ɗigo-ɗigo ja kamar ƙwan zabuwa.

Basira ta raɗa, "Yaya, goro fa kamawa yake. Ga tsumman."

Ya karɓi shuɗin tsumman. Ya dube shi. Ya cusa a aljihu. "Bar shi."

Malam ya ce a buɗe masa injin ya gani. Suka sunkuya kai da kai, wannan na nunawa, wancan na cewa uhm. Ba wanda ya tada maganar ranar suna. Ni ma ba zan tada ba. Da lokacin masallaci ya yi, gaba ya shiga, ya ce in koma baya, mata ba su san hanya ba. Hanyar da na shigo da ƙafata!

Lallena ya lalace. Takalmi ɗaya ya tsinke. Ko a jikina.

Asabar, 6 ga Satumba, da yamma

An kai Zuliha. Farar mota a gaba, da kwarzanenta da jan goronta, ana ta oda. Masu ado sun zo za su wanke ta su ɗaura ribon, ya ce su wanke ko'ina ban da bonet. Uwar amarya ta ce mini, "Wai mi ya ɓata gaban motar?" Na ce, "Ubansa ne ya sa hannu." Na faɗa da ƙarfi, don na bayan ɗaki su ji.

Na yi rawa. Kaɗan. Rabi ce ta ja ni.

Lahadi, 7 ga Satumba, bayan La'asar, Kankia

Sakina ta kira tana dariya har ba na jin abin da take faɗa. Wai a hanyarsu ta komawa Katsina ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Da suka isa gida ya fito da sauri ya duba bonet. Tas! Ko ɗigo ɗaya bai rage ba, goron duk ya zame. Ashe abin Sharafaddeen yana aiki.

"Inna, kin ga fushin da ya yi? Wai shi wa ya ce su yi mai kyau haka. Har cewa ya yi sun cuce shi, sun ci kuɗinsa."

Na ce, "Sai ya yi haƙuri."

"Ya ce Juma'a zai koma Ƙofa a sake. Wai in tambaye ki wane irin goro Baba ya fi so."

Na ce ja, manya, kuma kada ya je hannu biyu da goro kaɗai, ya haɗa da man shafawa na hannu.

Basira ta ce, "To Inna, yanzu a shafa ko kar a shafa?"

Ɓarnar kuɗi ne, ina nan kan bakana. Bai hana ƙaya ba, ya kuma wanke albarka.